Gangaren da Yaya ya gina wa Umma ya kusa kayar da mu

Assalamu alaikum, Malam. Daga Zariya nake rubuto maka. Bara mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, tun daga lokacin a keken marasa lafiya take zama. Barandar ɗakinta ta ɗara tsakar gida da matakala uku, na sa tef na auna, santimita 60 ne. Da can ɗaukarta ake yi a sauko da ita, sai babban yayanmu, Allah ya saka masa da alheri, ya kawo birkila aka fasa matakalar aka yi gangare, aka shimfiɗa masa tayil mai sheƙi irin na falo. Daga gindin baranda zuwa inda gangaren ya ƙare mita ɗaya ne da santimita 80.

Ni ce a gida tare da ita, ni nake kai ta gashi asibiti. Makon jiya da safe, an gama wanke tsakar gida ke nan, ina sauko da ita sai silifas ɗina ya zame, keken ya fizge ni, na zube a kan gwiwa amma ban saki ba, cikin ikon Allah bai kife ba. Da na ce wa Yaya gangaren nan ya miƙe da yawa sai ransa ya ɓaci. Ya ce shi duk ranar da ya zo yana hawa da ita yana saukowa lafiya lau, ni ce ba ni da natsuwa, kuma ya kashe kuɗinsa ba a gode ba. Umma ta ce kada a yi rigima a kanta, yanzu ma ta daina fitowa gaba ɗaya. Ni ban fi kilo 55 ba, Umma kilo 70 ce a awon asibiti na ƙarshe, Yaya kuwa ƙaƙƙarfan mutum ne. Malam, ni ce ban iya ba ko kuwa gangaren ne? Kuma yaya zan yi masa magana ba tare da na zama mara kunya ba?

Wata 'yar'uwa, Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya biya ki wannan hidima da kike yi.

Gangaren ne, ba ke ba ce. Kuma daga yau kada ki sake sauko da Umma a kansa ke kaɗai, ko da a bushe yake. Amma ki riƙe wani abu tun yanzu, don zai yi miki amfani idan kun zauna da Yaya: shi ma ba ƙarya yake yi ba. Da gaske yana hawa yana sauka lafiya. Gangaren ɗaya ne, keken ɗaya ne, Umma ɗaya ce, amma abin da gangaren yake nema daga ƙafarki ya fi abin da yake nema daga tasa nesa ba kusa ba, kuma awon da kika turo ya isa in nuna miki dalili.

Duk abin da aka ɗora a kan gangare, nauyinsa yakan rabu gida biyu. Kaso ɗaya yana danna shi a jikin daɓen, ɗaya kason yana jansa zuwa gindin gangaren. Gwargwadon yadda gangare ya miƙe, haka kason da ke ja yake ƙaruwa, wanda ke dannawa kuma yana raguwa. Tun a shekarar 1586 wani masani mai suna Simon Stevin, haifaffen birnin Bruges da ke Beljiyam ta yau, ya fitar da ƙa'idar yadda ake gane kason da ke ja, kuma ba ta da wuya: a ɗauki tashin gangaren, a raba da tsawon bayansa, a ninka da nauyin kayan. Naku ya tashi santimita 60 a cikin tafiyar santimita 180, wato ɗaya cikin uku, kusurwar digiri 18 da ɗoriya. Bayansa, inda taya take bi, ya kusa santimita 190. Keken ƙarfe irin wanda aka fi samu a gidajenmu yakan kai kilo 18 zuwa 20, mu ce 20, a haɗa da Umma ya zama 90. Idan aka raba 60 da 190 aka ninka da 90, za a samu 28 da 'yan kai. Ke nan duk lokacin da kike kan gangaren nan keken yana jan hannuwanki da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 28. Ɗan makaranta zai rubuta shi niyuton 280. Ke kuwa ki ƙaddara jarka ce mai lita 25 cike da ruwa, har da ƙari, aka rataya miki a hannu kina saukowa daga tudu.

Keken ba ya taimakonki da komai a nan. Taya an yi ta ne don ta gangara, gogayyar da take yi da ƙasa idan tana juyawa 'yar kaɗan ce. Saboda haka duk ƙarfin da zai hana ku tafiya, ke da Umma da keken, daga wuri ɗaya yake fitowa: inda tafin silifas ɗinki ya taɓa tayil. A nan ne maganar take, kuma nan ne mutane suka fi kuskurewa, domin suna tsammanin ƙarfin damtse ne yake riƙe keke. Damtse yana miƙa ƙarfin ne kawai zuwa jiki, jiki ya miƙa wa ƙafa, ƙafa ta miƙa wa ƙasa. Idan ƙasa ta ƙi karɓa, ko ɗan dambe ne sai ya bi keken.

Riƙon da ƙasa za ta iya yi wa ƙafa yana da iyaka, kuma abu biyu ne suke yanke iyakar. Na farko shi ne yadda ƙafar take danna ƙasa. Wani Bafaranshe, Guillaume Amontons, ya gabatar da wannan a 1699: gogayya tana ƙaruwa daidai da nauyin da ke dannawa, kuma faɗin abin da ya taɓa ƙasa bai dame ta ba. Leonardo da Vinci, mai zane kuma masani ɗan Italiya, ya riga shi lura da hakan da kusan shekara 200, sai dai ya bar shi a cikin littattafansa na rubutu bai wallafa ba. Na biyu shi ne irin fuskokin da suka haɗu. Kowace haɗuwa tana da lambarta, mu kira ta lambar riƙo. Idan lambar 0.5 ce, ƙafar da ta danna da kilo 50 za ta iya jure jan kilo 25 kafin ta zame. Roba a kan busasshen kankare mai kaushi, littattafan fiziks sukan sa ta tsakanin 0.6 da 1. Roba a kan jiƙaƙƙen tayil mai sheƙi tana iya faɗuwa ƙasa da 0.3, in da sabulu kuma abin ya fi haka muni.

Yanzu mu duba abin da gangaren yake nema daga gare ki. Ba keken kaɗai ƙafarki take riƙewa ba, har da ke kanki, domin ke ma a kan gangaren kike. Kason nauyinki da ke janki ƙasa ya kai kilo 17, a haɗa da 28 na keke, ya kusa 46. Kason nauyinki da ke danna tayil kuwa kilo 52 ne kacal, tunda gangaren ya cinye wani abu daga cikin 55 ɗin. A raba 46 da 52, a samu 0.88. Wannan ita ce lambar riƙon da kike buƙata don kawai ki tsaya cak da keken a tsakiyar gangaren, ba ki ɗaga ƙafa ba tukuna. Da zarar kin fara takawa, nauyin ya koma kan ƙafa ɗaya, dunduniya ta sauka kafin sauran tafin, buƙatar ta haura haka. Lissafin na gwargwado ne, domin yadda mutum ya jingina da hannun keke yana ɗan canza shi, amma ba zai canza hukuncin ba. Lamba 0.88 ko a kan busasshen kankare da takalmi mai kyau a bakin iyaka take. A kan tayil ɗin falo da aka jiƙa, da silifas, babu ita kwata-kwata. Abin mamakin ba zamewar da kika yi makon jiya ba ne, a'a, tsawon lokacin da kika ɗauka kina saukowa ba ki zame ba.

Shi kuma Yaya, tunda kin ce ƙaƙƙarfa ne, mu ƙaddara kilo 85 yake. Keken yana jansa da kilo 28 ɗin nan da yake janki, amma shi ƙafarsa tana danna ƙasa da kusan kilo 81. Idan aka yi masa lissafin da aka yi miki, buƙatarsa 0.69 ce. Ita ma ba ƙarama ba ce, amma busasshen tayil da takalmi mai tafin roba zai iya kai shi. Ga shi kuma ina kyautata zaton da rana ko da yamma yake zuwa, lokacin da rana ta busar da tsakar gida, da takalmin fita a ƙafarsa, ke kuwa da sassafe kike fita don ki kama layin asibiti. Kafin Yaya ya ji abin da kike ji a ƙafarki, sai keken da wanda ke cikinsa sun kai kilo 140. Don haka idan ya ce shi bai ga matsala ba, gaskiyarsa ya faɗa. Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗauki jikinsa ya mai da shi ma'auni. Gangaren mara lafiya ba da mafi ƙarfin mutanen gida ake auna shi ba. Da wanda ya fi kowa rashin nauyi cikin masu turawa ake auna shi, a ranar da ƙasa ta fi jiƙa.

Akwai abin da ya sa zamewa a gangare take da haɗari fiye da yadda ake zato. Riƙon ƙafar da take tsaye ya fi riƙon ƙafar da ta riga ta fara zamewa. Wani masani Bafaranshe, Charles-Augustin de Coulomb, ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kan wannan bambanci a farkon shekarun 1780, kuma duk wanda ya taɓa tura akwati mai nauyi ya san motsa shi ya fi ci gaba da tura shi wuya. A gangare wannan yana nufin da zarar tafin ya kuɓuce, riƙon ya ragu, jan kuwa yana nan yadda yake, babu abin da zai dawo da ke. Da kin saki keken daga sama, cikin daƙiƙa ɗaya da 'yar ɗoriya zai kai gindi, da gudun da ya kusa kilomita 12 a awa, daidai da gudun abin da ya faɗo kai tsaye daga barandar. Ƙananan tayoyin gaba su ci karo da ɗan tudu ko rami a ƙasa, keken ya tsaya, Umma kuma ta ci gaba da tafiya, ga shi ɓarin jikinta ɗaya ba zai iya tare ƙasa ba. Karayar ƙugu ga dattijuwa mai shanyewar jiki ba ƙaramar musiba ba ce. Ban faɗi haka don in tsorata ki ba, na faɗa ne don ki daina jin cewa ƙorafi kike yi.

Kafin a gyara, ga yadda za ku riƙa yi. Mutum biyu ne za su sauko da ita, kuma da baya, wato fuskarta tana kallon baranda, mai nauyin cikinku yana ƙasa riƙe da hannun keken yana ja da baya a hankali, ɗayan yana sama riƙe da ƙarfen jikin keken. Kada ya kama matakin ƙafa ko madogarin hannu, a kekuna da yawa ciruwa suke yi. Saukowa da baya yana sa jikinta ya jingina da bayan kujera maimakon ya zubo gaba. A ɗaura mata bel ko zani a ƙugu, ba a ƙirji ba, a ɗora hannun da ya shanye a kan cinyarta don kada ya shiga taya, a tabbatar ƙafar tana kan matakinta. Ke kuma ki ajiye silifas, ki sa takalmi rufaffe mai tafin roba, ki tattare bakin hijabi da zani, don na san yadda dogon hijabi yake shiga ƙarƙashin dunduniya idan mutum yana ja da baya. A goge gangaren ya bushe ƙarau kafin a hau. Ba ruwa kaɗai ba ne abokin gaba, ƙurar hunturu idan ta kwanta a kan tayil ita ma santsi take sawa, a share ta.

Abu biyu kada ki dogara da su. Birkin keken na ajiyewa ne, an yi shi don ya riƙe taya idan an tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ba don rage gudu ba. Idan aka danna shi ana cikin gangarawa yana iya karkatar da keken ko ya kifar da shi, kuma a jiƙaƙƙen tayil ko tayoyin a kulle suke suna iya sulalewa, tunda gangaren ɗaya cikin uku yana neman 0.33 daga gare su. Sai kuma tabarma ko kafet da wani zai ce a shimfiɗa. Idan ba a kafe shi da ƙusa ko gam ba, kin ƙara wa kanki wurin zamewa ne: ƙafa za ta riƙe kafet da kyau, kafet ɗin kuma ya tafi da ke a kan tayil.

Yanzu maganar Yaya, wadda na san ita ta fi ci miki rai. Ki fahimci abin da ya ji. Mutum ya ga mahaifiyarsa ana ɗaukarta kamar kaya, abin ya dame shi, ya cire kuɗi, ya zaɓi tayil mai tsada don a ganinsa Umma ta fi ƙarfin siminti tsirara. Sai aka ce masa abin da ya yi ya kusa kayar da ita. Ba kuɗin ne ya yi masa zafi ba, tsoro ne da kunya, kuma namiji babba a gida sau da yawa da faɗa yake rufe su. Shi ma birkilan ban ɗora masa laifi duka ba. Tun watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar shiga ga masu keke. Da yawa daga gangaren da muke gani a ƙofar shaguna da ofisoshi an manna su ne a inda matakala take, a miƙe, da tayil, don dai a ce an yi. Birkila abin da ya gani yake kwaikwaya, kuma ba wanda ya taɓa ba shi awo.

Kada ki sake tayar da maganar a gaban Umma, ko gaban matarsa, ko a waya cikin rukunin 'yan gida. Ki same shi shi kaɗai, ki fara da godiya, kuma ki yi ta da gaske, don da bai fasa matakalar ba da har yanzu ɗaukarta ake yi. Sannan ki ce masa, "Yaya, ni nauyina bai kai in riƙe keken nan a gangaren ba, ina tsoron wata rana ya kuɓuce mini, don Allah ka zo mu gwada ka gani." Wannan ba ƙasƙantar da kai ba ne, ainihin abin da lissafi ya nuna ke nan, kuma ya ba shi ƙofar shiga maganar ba tare da an ce ya yi kuskure ba. Idan kin san ba zai saurare ki ba saboda ke ƙanwa ce, ki bi ta hannun Kawu ko wata gwaggo da yake jin nauyinta, ko ki roƙi mai yi wa Umma gashi ya faɗa masa da bakinsa. Masu gashi sun san wannan awon sarai.

Gwajin kuwa a gida za ku yi shi, gani ya kori ji. Ku ɗora buhun siminti ɗaya, kilo 50, da jarka mai lita 20 cike da ruwa a cikin keken, ku ɗaure su tam, nauyin Umma ke nan. Ku samo sikelin ratayawa irin wanda matafiya suke auna jaka da shi, ku maƙala shi da igiya a jikin keken. Yaya ya tsaya a kan baranda ya riƙe, igiyar tana bin kwanciyar gangaren, a saki keken a hankali ya tsaya a tsakiya, kuma kada kowa ya tsaya a ƙasa, musamman yara. Sikelin zai nuna wajen 28. Bayan haka ki ɗauki silifas ɗin da kika zame da shi, ki ɗora masa dutse, ki ajiye a kan gangaren a bushe. Zai zauna. Ki zuba ruwan wanki irin na ranar nan ki sake ajiyewa, ki ɗan taɓa shi da yatsa. Idan akwai ragowar tayil, ki kwantar da ɗaya a ƙasa, ki ɗora silifas ɗin, ki riƙa ɗaga gefe ɗaya sannu a hankali har ya fara sulalewa, a auna tashin gefen a raba da tafiyarsa a ƙasa. Abin da ya fito ita ce lambar riƙon. Ki yi a bushe, ki yi a jiƙe, ki canza dutsen da wanda ya fi shi girma, za ki ga girman dutsen bai wani canza kusurwar ba, kamar yadda Amontons ya faɗa. Ba awon ɗakin gwaji ba ne, amma ya isa a kwatanta da 0.88. Ko a Amurka, ma'aunin da masu tayil suke bi don daɓen cikin gida da ake takawa a jiƙe 0.42 ne, kuma wannan na shimfiɗaɗɗen daɓe ne.

Wataƙila Yaya ya ce to a cire tayil ɗin a bar siminti, shi ke nan. Cire tayil ya zama dole, amma bai wadatar ba. Kaushin daɓe yana ƙara riƙo, ba ya rage jan kilo 28 ɗin nan ko da giram ɗaya. Abin da ke rage shi tsawo ne kawai. Awon da aka fi bi a duniya shi ne ɗaya cikin 12, wato kowane santimita ɗaya na tashi a ba shi santimita 12 na tafiya. Shi ne a ƙa'idojin gini da suka biyo bayan dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, kuma waɗannan ƙa'idojin ba su yarda da ɗaya cikin 8 ba sai a tsohon gini inda tashin bai wuce santimita 7 da rabi ba. Naku ɗaya cikin uku ne a tashin santimita 60. A kan awon ɗaya cikin 12 barandarku tana buƙatar mita 7 da santimita 20. A nan jan keken zai sauko daga kilo 28 zuwa 7 da rabi, lambar riƙon da kike buƙata ta sauko daga 0.88 zuwa 0.22, wadda kankare mai kaushi zai ba ki ko ana ruwan sama. Aikin ɗaga Umma santimita 60 bai ragu ba, an dai shimfiɗa shi ne a kan doguwar tafiya yadda ƙarfinki zai ɗauka. Ko da keken ya kuɓuce a irin wannan gangaren, sai ya yi daƙiƙa 4 kafin ya kai gindi, kuma a farkon tafiyarsa a hankali yake, mutum zai iya cim masa.

Na san za a ce ina za a samu mita 7 a tsakar gida. Ba dole ya miƙe sak ba. A yi dandamali shimfiɗaɗɗe a bakin baranda, mita ɗaya da rabi kowane gefe, daga nan gangaren ya bi jikin bango mita 3 da santimita 60, a sake yin dandamali mai wannan girman inda keke zai juya mai turawa ya huta, sannan ya karya kwana ya ƙarasa sauran. Tsohon gangaren ba sai an rushe shi ba, a fasa tayil ɗin, shi kuma ya zama ciko a ƙarƙashin dandamalin farko. Ki faɗa wa Yaya wannan, ƙari za a yi a kan aikinsa. Wata dabarar ita ce a yi wa ɓangaren tsakar gidan ciko, domin kowane santimita 10 da aka rage daga tashin yana rage mita ɗaya da santimita 20 daga tsawon, sai dai a duba hanyar ruwa kada damina ta zo ya koma ɗakuna. Idan wuri ya ƙi gaba ɗaya, ɗaya cikin 10, wato mita 6, shi ne iyakar sassaucin da ni zan yarda da shi. Idan kuma akwai ɗaki a gidan da ya fi kusa da ƙasa, musayar ɗaki ta fi duk waɗannan arha, in Umma ta amince ta bar ɗakinta, wanda na san ba ƙaramin abu ba ne ga uwa.

A ba birkila awon a rubuce, kuma wani ya tsaya a kansa ranar zuba kankare. Faɗin gangaren kada ya gaza santimita 92 tsakanin ƙarafan riƙewa, mita ɗaya da santimita 20 ya fi sakewa. A yi ɗan dakali mai santimita 10 a gefe da gefe don kada taya ta fita, a sa ƙarfen riƙewa wajen santimita 90 daga daɓe. Wurin gamawa ne zai so ya nuna gwaninta, ya yayyafa garin siminti ya goge da cokali har ya yi sheƙi. A hana shi. Tun kankaren yana ɗanye a ja tsintsiya mai tauri a kansa daga gefe zuwa gefe, layukan su gitta hanyar taya. Kada kuma ya yanka manyan ramuka da sunan hana santsi, ƙananan tayoyin gaba suna maƙalewa a ciki, kuma jijjigar tana wahalar da mara lafiya. Gindin gangaren ya haɗu da ƙasa sumul babu ɗan tudu. A karkatar da indararo kada ya zuba a kai, a riƙa kankare gansakuka da damina, a shayar da sabon kankaren ruwa na mako guda kafin a hau.

Umma kuma kada a bar ta a ɗaki ana jiran gini. Ta daina fitowa ne don ta raba ku faɗa, amma zaman wuri ɗaya yana sandarar da gaɓoɓin da ake ta wahalar gasawa, yana jawo gyambon kwanciya, ga ƙuncin rai. Ki gaya mata maganar awo ce, ba rigima ba ce, kuma an samo hanyar gyara. Ranar gashi mai zuwa ki nemi Yaya ko wani namiji mai nauyi a gidan ya zo da wuri ku sauko da ita da baya yadda na bayyana, a hana wanke tsakar gida sai kun fita. Idan kun je, ki sa a duba miki gwiwar da kika faɗi a kanta, ki kuma roƙi mai gashin ya nuna miki yadda ake ɗaga ta daga gado zuwa keke ba tare da kin lalata bayanki ba.